Kifin da Ya Mutu Kafin a Kama Shi

A bikin kamun kifi na Argungu na shekarar 2008, wani masunci ya fito daga kogin Matan Fada da giwan ruwa mai nauyin kusan kilo 66. Aka ɗora a sikeli, makaɗa suka saki kiɗa, aka ce shi ne na ɗaya. Bai gama karɓar barka ba 'yan'uwansa masunta suka ce ba su yarda ba. Kifin nan, in ji su, matacce ne tun kafin a fito da shi, kuma ba a wannan ruwan aka kama shi ba. Aka bincika, aka ga maganarsu tana kan hanya, aka karɓe kyautar, aka tsare mutumin. Har gidajen rediyon waje sun ɗauki labarin. Aka yi dariya, aka manta. Ni ma na manta, sai da wata matacciyar rijiyar burtsatse ta tuna mini bayan shekaru masu yawa.

Rijiyar tana ƙauyen kakannina na wajen uwa, a bakin fadama tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Tana da tanki a sama, da famfuna shida a jere, da alluna uku na ƙarfe kafe a gabanta. Allon farko ya ce an gina ta. Na biyu ya ce an gyara ta. Na uku ya sake cewa an gina ta, kamar dai ba a taɓa yi ba. Kowane allo da shekararsa da sunan ɗan kwangilarsa. Ruwa kuwa, matan garin sun ce ya zubo na 'yan makonni bayan allon farko, ya sake zubowa ranar da aka zo da janareto a mota aka ɗauki hoto. Har yau guga suke zurawa a tsohuwar rijiyar bakin masallaci.

Ranar da na je, cikin rani ana tsakiyar ban-ruwan shinkafa, na tarar da gari a tsaye. Ƙungiyar manoma ta yi karo-karo ta sayi injin ban-ruwa biyu, kowa yana biyan kuɗin mai da na gyara gwargwadon gonarsa. An zauna lissafi, sai naira dubu huɗu suka ƙi fitowa. Ma'ajin dattijo ne mai furfura, wanda liman kan bar wa salla in ya yi tafiya, amma hakan bai cece shi ba. Daga hantsi har azahar ana juya wani ɗan littafin 'yan firamare da bangonsa ya yi baƙi da man inji. Sai da aka tura yaro a babur ya ɗauko bakaniken da ya canza filogi, ya tsaya gaban jama'a ya ce shi ya karɓi kuɗin, sannan aka shafa fatiha. Duk zaman nan a inuwar tankin aka yi shi. Wasu ma da ginin famfunan suka jingina.

Da aka watse na ce wa kawuna, “Kawu, a kan dubu huɗu kun hana bawan Allah cin abincin rana, ga miliyoyi nan kun jingina da su, ban ji wanda ya ce uffan ba.”

Ya dube ni kamar na tambaye shi dalilin da ya sa ruwa ke gangara. “Ɗana, wanga kuɗɗinmu na. Wancan ko na gwamnati na.”

Amsar nan ta biyo ni har Birnin Kebbi. Mutane ɗaya, gari ɗaya, inuwa ɗaya, amma ga kuɗin da ake bi da fitila, ga kuma wanda ko waiwaye ba a yi masa. Me ya raba su?

A irin wannan shari'a, wanda ake fara kamawa kullum shi ne hali. A ce mu ne ba mu da amana, ci ya zama jinin jikinmu. To, na ga halin da idona yana tuhumar mai furfura a kan dubu huɗu, don haka na sallame shi. Sai jahilci. Wannan ma bai daɗe a hannu ba. Mutumin da zai lissafa maka zakkar buhu 63 a ka, ya cire na mai gona da na masu yanka da na masu bugu ba tare da ya taɓa alƙalami ba, ba rashin iya lissafi ne ya hana shi tambayar kuɗin tanki ba. Tsoro ne ya fi su ɗaukar lokaci, don akwai shi, wanda ya ce babu bai zauna ƙauye ba. Amma mutanen nan su ne za su yi sammako har fadar hakimi a kan iyakar gona taku biyu, kuma su ne a 2015 suka juya wa jam'iyyar da ke mulkin jihar baya a akwati. Matsoraci ba ya haka.

Abin da ya rage mini kalmar kawu ce kawai: na gwamnati. Na koma na tambaye shi, ita gwamnatin ina take samu? Ya ce Abuja. Ita Abuja fa? Ya ɗan yi shiru, ya ce, “Mai, ai.”

Nan ne abin ya fara ɗaure kai sosai, domin ba a taɓa haƙo ko ganga ɗaya ta ɗanyen mai don sayarwa a jihar Kebbi ba. Arzikinmu shinkafa ne da albasa da kifi da dabbobi, sai zinariyar da ake tona wajen Yauri. Masana suna da wata magana, la'anar albarkatun ƙasa, wadda wani Baturen Ingila, Richard Auty, ya yayata a wani littafinsa na 1993: ƙasar da ta dogara da abin da ake tonowa a ƙarƙashin ƙasa takan fi fama da almundahana da mugun mulki. Na sha jin maganar, amma na ɗauka ta mutanen Neja Delta ce masu bututu a bayan gida. Ta yaya cutar mai za ta kama garin da ko warinsa bai taɓa ji ba sai a jarka?

Na nemi alƙaluma. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a 2022 abin da Kebbi ta tara da kanta, daga haraji da lasisi da sauransu, kimanin naira biliyan 9 ne. Ita ce ta kashin baya a jihohi 36. Legas a shekarar ta haura biliyan 650. Ko cikin biliyan 9 ɗin, kaso mai tsoka harajin da ake yanka ne daga albashin ma'aikatan gwamnati, albashin da shi ma daga Abuja ya taso. Sauran abin da ake juya jihar da shi, wanda ya ninka wannan sau da yawa, yana zuwa ne daga asusun tarayya. Kowane wata kwamishinonin kuɗi na jihohi sukan hallara, a baje abin da ya shigo, a kasafta. Tarayya ta ɗauki kashi 52.68 cikin 100, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60, bayan an cire wa jihohi masu mai kashi 13 na kuɗin man. Shekara da shekaru mai ne ke cika yawancin wannan ƙwarya, ko da yake yanzu harajin kamfanoni da na kwastan da na kayan masarufi sun ƙara nauyi.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne yadda ake raba kason jihohin a tsakaninsu. Kashi 40 raba-daidai ne, kowace jiha ta samu don kawai ita jiha ce. Kashi 30 yawan jama'a. Kashi 10 faɗin ƙasa da yanayinta, 10 abubuwan ci gaban al'umma, sai 10 kacal don ƙoƙarin da jiha ta yi wajen tara nata. A taƙaice, in ambaliya ta cinye fadama tun daga Augie har Bunza, kamar yadda ta yi ɓarna a 2020, manomi zai kwana da yunwa amma kason wata ba zai girgiza ba. Abin da ke girgiza shi farashin ganga ne a kasuwar duniya, da yawan jiragen da suka yi lodi a Bonny da Forcados, da darajar dala. Mai mulki a Birnin Kebbi, ko wane ne shi, ko waliyyi ne, tuwonsa ba daga rumbun kawuna yake fitowa ba. Wannan rabin amsa ne: ya bayyana dalilin da na sama ba ya jin nauyin na ƙasa. Bai bayyana shirun na ƙasa ba.

Ɗaya rabin a cikin adakar kakana na same shi. Wata tsohuwar adakar kwano ce mai zanen furanni da kawu ke ajiye da ita a ƙarƙashin gado. Ya buɗe don ya nuna mini takardar wata gona, sai ga wani ƙunshi ɗaure da zare a cikin tsumma, tare da layu da wata tsohuwar carbi. Ƙananan takardu ne, sun yi ja, sun yi laushi kamar ganyen taba, kowace da hatimi da lamba da shekara. Rasiɗan haraji ne na zamanin En'e. Mutumin da bai ajiye hoton kansa ko ɗaya ba ya ajiye waɗannan kusan guda 20.

“In anka yi kaka,” in ji kawu, “mai unguwa da dogari su bi gida-gida. Wanda bai da shi ya sai da akuya. Wani ya gudu cin rani, wani ya ƙetare ƙasar Faransa. Ba ka shiga kasuwa da daɗin rai in babu takardar ga cikin aljihu.” Ya juya ɗaya a hannunsa. “Amma kakanka, in anka ce disfensare babu magani, har gaban hakimi shika zuwa. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce ranka ya daɗe, ina harajinmu?”

Ina harajinmu. Ban taɓa jin wani a tsarata ya yi wannan tambayar ba, kuma ba don mun fi kakanninmu ladabi ba.

Daga nan tarihin ya jeru da kansa. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, suka tsara haraji da jangali, aka kafa baitulmali a masarautu, Gwandu da tata, Argungu da tata. Daga abin da aka tatsa a jikin manomi da makiyayi ake biyan alƙali da malamin makaranta da ɗan doka. Gwamnatin Jihar Arewa kuma tana cin ribar gyaɗa da auduga ta hannun hukumar sayen amfanin gona. In damina ta yi gardama, Kaduna sai ta ji a jikinta. Aka sami mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958, amma bai zama sarki ba sai bayan yaƙin basasa, musamman daga 1973 da farashinsa ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni. A 1976 aka rushe tsarin En'e, aka kafa ƙananan hukumomi masu jiran kaso daga sama. A 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, daga baya abin ya dushe a sauran Arewa. Talaka ya yi murna, kuma yana da gaskiya, wa zai yi kukan rabuwa da bulala? Sai dai igiyar da ake jansa da ita, ita ce kuma shi ma yake jan na sama da ita, ko da a hankali. Da aka tsinke ta, kowa ya kama gabansa. Jihar Kebbi kanta, da aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta 1991, a cikin wannan tsarin aka haife ta. Ba ta taɓa sanin wata uwa ba sai asusun tarayya.

Kuɗin man ma har cikin gulbinmu ya shigo. Da shi aka gina madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato a ƙarshen shekarun 1970, da ta Goronyo a kan Rima bayanta. A Afrilun 1980 manoman Bakolori da suka tare hanya suna neman diyyar gonakinsu aka buɗe musu wuta. Mu na ƙasa kuma, ruwan da ke malalowa fadama kowace shekara ya kawo taki da kifi ya canza hali, ba wanda ya shawarce mu. Aikin noman rani na Zauro, nan kusa da Birnin Kebbi, an fi shekara 50 ana maganarsa. Gwamnatin da ke cin abinci daga fadama ba za ta yi wa fadama haka ba.

Har nan zato nake yi. Ina bukatar gwaji, wurin da kuɗin sama ya sauko har hannun su kawu, in ga yadda suka riƙe shi. Gwajin kuwa a ƙofar gidanmu aka yi shi. Ranar 17 ga Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya: a ba manomi iri da taki da injin ban-ruwa da ɗan kuɗin aiki, in ya girbe ya biya da shanshera. Ba a raina abin da shirin ya yi. Fadama ta cika, aka yi shinkafar haɗin gwiwar Legas da Kebbi a 2016, aka buɗe katafaren kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, samari da yawa suka yi aure suka sayi babura. Amma da aka zo biya sai labari ya sha bamban. A faɗin ƙasa an fitar da sama da naira tiriliyan 1. A farkon 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin 100 kawai aka mayar, Babban Banki ya musanta ya ce kimanin 52 ne. Ko ka ɗauki na bankin, kusan rabi bai dawo ba. Wasu ambaliya ce ta karya su, gaskiya ne. Wasu sunayen kuma ba su taɓa riƙe fartanya ba.

Na tambayi wani abokin wasana da ya ci bashin ko ya biya. Mutum ne da in ya ci bashin ɗan maggi a shago ba ya iya barci. Ya yi dariya ya ce, “Haba malam, rabona ne na man fetur Allah ya kawo. Su na sama da suka kwashi nasu wa suka biya?”

Ka ji ta. Shi bai ɗauki kansa ɓarawo ba, kuma a zuciyarsa ba amana ya ci ba, tsintuwa ya yi. Kuɗin da bai fito daga aljihun kowa ba, ba shi da mai shi, abin da ba shi da mai shi kuwa ganima ne, mai ƙarfi ya ɗebi da yawa, maras ƙarfi ya ɗebi kaɗan. Wanda kuma ya ɗebi kaɗan ya rufe bakinsa da kansa. Shi ya sa ɗan siyasa ya gwammace ya raba atamfa da taliya da buhun taki da ya gyara tanki: tanki hakki ne da za a tambaye shi, atamfa kyauta ce da za a gode masa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Can sama, inda ake ɗiba da babban ludayi, labarin ma ya ratso ta Kebbi. Takardun ƙarar da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta shigar a 2013 sun zayyana yadda aka yi a zamanin Janar Sani Abacha, tsakanin 1993 da 1998. Mai ba shi shawara kan tsaro, Ismaila Gwarzo, ya rubuto wasiƙa cewa ana bukatar kuɗi don wata matsalar tsaro, shugaba ya sa hannu, Babban Banki ya fitar. Ta wannan ƙofa kaɗai, in ji takardun, sama da dala biliyan 2 suka fita. Cikin waɗanda aka ambata da hannu wajen kai kuɗin waje akwai Abubakar Atiku Bagudu, wanda daga baya ya zama sanata, ya yi gwamnan Kebbi daga 2015 zuwa 2023, sannan ministan kasafi. An tsare shi a Amurka a 2003, aka yi sulhu aka mayar wa Najeriya dala miliyan 163. Ba kotun da ta same shi da laifi, shi ma ya musanta aikata ba daidai ba, ni kuma ba alƙali ba ne. A 2020 aka dawo da dala miliyan 311 daga tsibirin Jersey, ministan shari'ar da ya sa hannu a yarjejeniyar, Abubakar Malami, shi ma ɗan Birnin Kebbi ne. Abin da ya dame ni shi ne yadda muka karɓi labarin. Duk sanda aka dawo da wani kaso sai ka ji ana raha a majalisa, wai marigayi ya sake yo aike. Ba wanda ya ji kamar an yanke masa aljihu. Abacha bai aika dogari gidan kowa ba, bai sa kowa ya sayar da akuya ba. Daga teku kuɗin suka taso suka shiga banki, daga banki suka haye jirgi.

Kada a ce ina begen zamanin haraji. A lokacin ma an ci. Dagaci ya ƙara nasa a kai, malamin haraji ya ɓoye sunaye, hukumar sayen gyaɗa ta biya manomi ƙasa da farashin duniya. Tun kafin Turawa, cikin abubuwan da Shehu Usmanu ya zargi sarakunan Hausa da su a Kitabul Farƙ akwai harajin zalunci da karɓar gaisuwa. Bambancin shi ne wancan cin yana da zafi a jiki, don haka yana haifar da ƙara da ƙaura da jam'iyya irin NEPU. Na yanzu ba a jin shigarsa. Kuma ba mai ne ke da aljanu ba. Ƙasar Nowe ta sami mai a 1969, ta yi dokar asusun ajiyarsa a 1990, ta ci gaba da karɓar haraji mai nauyi daga 'yan ƙasarta, su kuma ba su daina sa ido ba. Botsuwana ta sami lu'ulu'u a 1967 ba ta haukace ba. Mu ma mun buɗe asusun rarar mai a 2004, ya kai wajen dala biliyan 20 a 2008, zuwa 2022 abin da ya rage bai kai miliyan 1 ba. Wani bincike da aka buga a 2013 a kan ƙananan hukumomin Barazil ya fi kama da namu: masu binciken sun duba garuruwan da, saboda ƙa'idar yawan jama'a, suka sami ƙarin kaso daga tarayya, suka ga masu binciken kuɗi sun fi kama almundahana a cikinsu. Ba sai kana da rijiya ba. Ya isa a ce abincinka daga sama yake faɗowa.

A nan ne kifin 2008 ya dawo mini. Me ya tona asirin mutumin nan? Ba sikeli ba ne, sikeli ya ba shi gaskiya. Ba manyan baƙi da ke rumfa ba ne, su tafi suka yi. Dubban masunta ne da ke cikin ruwa ɗaya da shi, kowa da gorarsa da komarsa, laka har wuya. Sun san abin da Matan Fada ke iya bayarwa, sun san yadda mai rai ke fizga da yadda matacce ke lilo, kuma kyautar da ya ɗauka tasu ce ya ɗauka. Zaman dubu huɗu ma haka ne, kowa a wurin ya zuba nasa. Kuɗin tanki kuwa kifi ne da aka kamo a wani ruwa mai nisa, aka kawo shi a mace, ba wanda ya ga kamunsa, ba wanda ya san nauyinsa na gaskiya kafin a yanyanka.

Na ɗauka na gama, sai jarkar kawu ta nuna mini saura. Da asuba na raka shi fadama, ya tsuguna yana ɗura wa inji mai ta mazurari, yana karkata jarkar a hankali kada ɗigo ya zuba, yana ƙorafi. Kafin 29 ga Mayu 2023 lita ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. Da aka cire tallafi ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A daidai wannan lokacin, saboda cire tallafin da kuma sakin naira, abin da ake rabawa a Abuja kowane wata ya haura tiriliyan 1, kason jihohi da na ƙananan hukumomi ya yi tsalle. Na tsaya ina kallon man yana gangarawa. Ƙarin da gwamnatoci suka samu, wani ɓangarensa daga wannan jarkar ya fito. Haka in ya sa kati a waya, akwai harajin kashi 7.5 a ciki tun 2020, shi ma a Abuja ake raba shi. Ashe haraji bai mutu ba. Dogarin ne ya daina zuwa, rasiɗin kuma aka daina bayarwa.

Na faɗa masa haka, a gutsure, da misalin karo-karon inji. Bai ce komai ba har ya ja igiya inji ya tashi, ruwa ya fara bin kwalbati. Sai da muka kamo hanyar gida rana ta ɗaga, muka zo daidai tankin, ya tsaya.

“Kana nufin cikin wanga ma akwai nawa?”

“Akwai, Kawu.”

Ya daɗe yana duban allunan kamar yau aka kafa su. Ya ƙwala wa magatakardan ƙungiya kira, wani saurayi da ya gama sakandare, ya ce ya zo da littafi. Ni kuma ya ce in karanta musu abin da ke jikin allo na uku, a hankali. Na karanta shekara, na karanta sunan aiki. Inda aka rubuta sunan ɗan kwangila rana ta cinye rabinsa, wurin adadin kuɗi kuwa dama ba a rubuta komai ba. Saurayin ya buɗe shafin da ke bayan lissafin filogi, ya kwafe abin da ya samu, ya bar fili a gaban kuɗin. Kawu ya ce ya ja layi a ƙarƙashi, ran Juma'a bayan an sauko za a tambayi kansila.